Guntun lantarki da haske: ina aikin gobe yake?

Tambaya: Malam, ina gyaran salula a Babbar Kasuwar Maraɗi, bana na samu bak. Ina son karanta ilimin lantarki, amma wani ya ce min guntayen da ke cikin waya sun kai ƙarshen ƙanƙancewa, sana'ar ba ta da gaba. Gaskiya ne? Daga wani matashi a unguwar Zariya.

Amsa: Ɗana, kada wannan magana ta karya maka gwiwa. Gaskiya ne ƙanƙancewar ta yi wuya. A 1965 Gordon Moore ya lura yawan taransista, wato ƙananan makunnan lantarki da ke gudanar da aikin na'ura, a guntu ɗaya na ninkawa a kai a kai, kuma haka aka yi ta tafiya har guntun A17 Pro na iPhone a 2023 ya ɗauki taransista biliyan 19. Sai dai injin da ke zana su, na kamfanin ASML a Holan, kuɗinsa ya haura dala miliyan 150 na Amurka, kuma zafi ya zama babbar matsala. Kai da ke taɓa wayar da ta ɗumama a watan Afrilu ka san abin da nake faɗa.

Shi ya sa injiniyoyi suka juya wajen haske. Wayar tagulla tana zafi, saƙo yana raunana a cikinta da wuri. Zaren gilashi kuwa, wanda tsakiyarsa ba ta kai kaurin gashi ba, sai haske ya yi kusan kilomita 15 kafin rabinsa ya ɓace. Charles Kao ya nuna yiwuwar haka a 1966, ya samu kyautar Nobel a 2009. Yanzu ana shigar da hanyoyin hasken cikin guntun silikon kansa, musamman don manyan ma'ajiyar bayanai masu cin wuta kamar gari guda.

Ba zan ce maka za a kafa masana'antar guntu a Maraɗi ba. Amma zaren gilashin da aka binne a ƙasarmu yana buƙatar mai haɗa shi in ya tsinke, mai auna inda hasken ke zuba. Faifan sola ma haske ne da silikon. Tashar sola ta Gorou Banda kusa da Yamai megawat 30 ce. Abin da ke ci min rai shi ne a ɗauko mai gyara daga waje alhali yaranmu na nan.

Je ka Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ka tambayi sassan kimiyya da fasaha. Riƙe lissafi da fizik da kyau, ka koyi Turancin Ingilishi don takardun kayan aiki. Teburinka na kasuwa kuma kar ka rufe shi, yawancin ɗalibai ba su taɓa riƙe ƙarfen dalma ba.