Mun koma etanol da 2-MeTHF, dillali ya ce mu daina gwajin saura

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ina aiki a ɗakin gwaji na wani ƙaramin kamfanin magani. Shugabanmu yana so mu bar DCM da DMF, wato ruwan narkarwar da muke haɗa sinadaran magani a cikinsu, a matakai biyu, ɗaya haɗin Suzuki ne (wata hanyar haɗa sinadarai biyu) da katalis, wato mai hanzarta haɗin, na ƙarfen faladiyom, mu koma etanol da 2-MeTHF. Dillalin da ke sayar mana da su ya ce tunda daga rake da totuwar masara ake yin su, babu buƙatar gwajin saura, wato auna ragowar ruwan narkarwa a cikin maganin, shugaban kuma ya yarda saboda tsadar gwajin. Ni ke sa hannu a takardar sakin kaya, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sa hannun nan.

Canjin kansa ba ni da ja a kai. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana yawancin amfani da DCM a 2024, Tarayyar Turai kuma ta ƙuntata DMF, saboda haka shugabanka ya hango inda kasuwa ta nufa. Akwai riba ma: da Pfizer ya sake tsarin haɗa satiralin, maganin ciwon damuwa, ya koma etanol, ruwan narkarwar da ake kashewa kan kowane tan ya sauko daga galan 60,000 zuwa 6,000, aikin da ya ci lambar yabo a 2002. Haɗin Suzuki yana tafiya lafiya a 2-MeTHF, wanda kuma yake rabuwa da ruwa cikin sauƙi. Sai dai ka sake auna yawan katalis da zafi, ka duba ragowar faladiyom, ka tuna cewa 2-MeTHF yana tara feroksaid, sinadari mai iya fashewa, idan ya daɗe da iska, kamar ɗan'uwansa THF. Wannan ka san yadda ake yi.

Abin da ya ɓata mini rai maganar dillalin ce, don kullum ina jin irinta, har daga bakin masu digiri. Wai abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Wa ya ce? Idan an ce ruwan narkarwa yana da sauƙi ga muhalli, ana magana ne kan kogi da iska da ma'aikacin da ke shaƙarsa, da kuma inda aka samo shi. Ba a ce komai ba kan abin da zai haifar idan ya gamu da sauran sinadaran da ke cikin tukunyarka, balle abin da ke cikin duron da aka sauke maka.

Ɗauki etanol ɗin da kowa ke yabo. A 2007 kamfanin Roche ya janye Viracept, maganin ƙanjamau, daga kasuwannin Turai da wasu ƙasashe. An wanke tankin ajiyar asid ɗin metansalfonik da etanol, ba a busar da shi ba, aka sake zuba asid. Su biyun suka haɗu suka ba da etil mesilet, wanda ke lalata ƙwayar gado. Marasa lafiya ne suka fara jin baƙon wari a ƙwayoyin maganin. Babban kamfani ne a Suwizalan, da injuna da ƙwararru, kuma etanol ne ya jawo. In akwai asid ɗin salfonik ko gishirinsa a matakanka, sai ka nemi irin wannan gurɓatar da gangan, domin gwajin da kuka saba yi ba zai nuna ta ba.

A 2018 kuma an janye balsatan, maganin hawan jini, a faɗin duniya saboda NDMA, gurɓatar da ake zargin tana jawo ciwon daji. Kamfanin Zhejiang Huahai na Sin ya canza hanyar haɗawa ya shigo da DMF, burbushin daimetilamin da ke tare da shi ya gamu da sodiyom naitirait. Bincike ya kuma gano irin wannan gurɓata a ruwan narkarwar da ake tacewa a sake amfani da shi, wato dabarar da ake alfahari da ita wajen rage shara. Duk canjin ruwan narkarwa, ko zuwa mai kyau ne, sabon jerin gurɓatattun abubuwa yake kawowa.

Sai duron. Mu a Najeriya bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani ba. A 2008 maganin haƙoran yara na My Pikin ya kashe yara aƙalla 84, domin an sayi dayetilin gilaikol mai guba a matsayin furofilin gilaikol da ake sawa a magani daga hannun ɗan kasuwar sinadarai mara lasisi. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya ta irin wannan hanya. Dillalin da ke cewa kada a gwada kayansa, ka tambaye shi me yake tsoro. Etanol ɗin masana'antu sau da yawa ana gauraya shi da metanol da gangan don kada a sha, wanda aka busar da tsohuwar hanya kuma yana iya ɗauke da benzin. Takardar shaida mai hoton kwafi, wadda lambarta ba ta dace da ta jikin duro ba, ba shaida ba ce.

Ƙa'idar ICH Q3C, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan ragowar ruwan narkarwa a magani, a fili take. Etanol da 2-MeTHF suna aji na 3, ajin masu ƙarancin guba, iyakarsu kashi 5,000 cikin miliyan. Metanol 3,000, DCM 600, benzin 2 kacal. Aji na 3 yana da sassauci, har ana karɓar gwajin raguwar nauyi bayan busarwa, amma sai an tabbatar aji na 3 ne kaɗai a ciki. Ta yaya za ka tabbatar ba ka sa shi a injin GC, mai rarrabe sinadaran da ke ciki, ba?

Ka rubuta wa shugabanka a takarda, ka riƙe kwafi: a gwada kowane duro kafin a buɗe shi ga aiki, a sake inganta hanyar gwajin saura da ta gurɓata, a kuma shigar wa NAFDAC da sanarwar canjin kafin kaya su fita. Na san jiran amsar hukuma na cin rai, amma ba hujja ba ce. In ya ce kuɗin ya yi yawa, ka ce masa ya sa nasa hannun, ka kuma gaya masa baki da baki cewa yaran mutane ne za su haɗiyi abin, kuma Allah zai tambaye ku duka biyun.