Ƙwayar Tayirod da Kwanakin Al'ada: In Ƙara Ne Ko In Bari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti Likita, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Dan Allah tambaya gare ni. Shekarata 31, yarana biyu, bayan haihuwata ta biyu ne aka gano tayirod ɗina, wato halittar nan ta gaban wuya mai fitar da sinadari a jiki, ba ya aiki sosai aka ɗora ni a kan Euthyrox 75, kullum da safe nake sha. To matsalar duk wata in ya rage kamar sati ɗaya in ga al'ada sai komai ya dawo sabo, kasala, kumburin ciki, ciwon jiki, ga saurin fushi har maigidan ya gane lokacin, sannan in jinin ya zo sai ya yi kwana 8 ko 9 yana zuba har da gudaji, in na miƙe sai jiri. A kemis suka ba ni maganin ƙarin jini, tare nake haɗa su in kora da shayi. Wata ƙawata da ita ma take sha ta ce ita a wannan satin rabin ƙwaya take ƙarawa, in al'ada ta wuce ta koma yadda take, wai in gwada. In gwada ne?

Daga wata 'yar'uwa a Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu Allah ya ƙara sauƙi. A'a, kar ki gwada, ita ma ƙawar taki ki ce mata ta daina.

Wannan ƙwayar ba irin farasitamol ba ce da za ki sha yanzu an jima ki ji kai ya sake ki. Aikinta a hankali yake, wadda kika sha yau sai an yi kusan kwana 7 kafin rabinta ya bar jikinki. Kamar randa ce da kike zuba wa moɗa ɗaya kullum, dan kin ƙara rabin moɗa na 'yan kwanaki ba za ki ga ta cika nan take ba, kafin ƙarin ya taru ma al'adar ta zo ta wuce, sai ki same shi a lokacin da ba ki buƙata. Shi ya sa ko mu in muka canza wa mutum adadi ba ma sake gwajin TSH, wato gwajin jinin da ke nuna ko maganin ya ishi jiki, sai bayan sati 6 zuwa 8. Kuma in ya yi yawa a jiki akwai illa, bugun zuciya da sauri, rawar hannu, rashin barci, zufa, in aka daɗe a haka ƙashi ma yana yin rauni.

Abin da kike ji gab da al'ada gaskiya ne, ba raki ba ne. Bayan ƙwai ya fita sinadarin firojestaron yana hawa, zafin jiki ya ɗan ƙaru, hanji ya yi nawa, jiki ya riƙe ruwa, sai kuma sinadarin ya faɗi gab da zuwan jini, a nan ne ran mace yake dagulewa. Mata da yawa da tayirod ɗinsu lafiya lau suna shan wannan wahalar duk wata. Shi sinadarin tayirod ɗan motsin da yake yi cikin wata bai kai a canza magani dominsa ba. Amma fa in dama maganin bai ishe ki ba, to a wannan satin ne abin zai fi bayyana tunda gajiya ta haɗu da gajiya.

Ni inda hankalina ya fi tsayawa a wasiƙarki wajen shayin nan ne da maganin ƙarin jini. Ƙanwata nan ake yin ɓarnar. Sinadarin ƙarfe da ke cikin maganin ƙarin jini yana kama ƙwayar tayirod tun a ciki ya hana hanji ya tsotse ta, madarar da ke cikin shayin ita ma haka saboda kalsiyam, kin ga a katinki an rubuta 75 amma abin da ke isa jininki bai kai haka ba. Shi kuma ƙarancin tayirod yana sa jinin al'ada ya yi yawa ya daɗe, jinin ya zuba ki rasa ƙarfe, ki ƙara shan maganin jini tare da ƙwayar, haka abin zai ta zagayawa.

Ga yadda za ki yi. In kin tashi sallar asuba ki haɗiye ƙwayar da ruwa zalla, ki yi sallah ki yi azkar ki shirya yara, kar ki sa komai a baki sai bayan minti 30 zuwa awa ɗaya. Maganin ƙarin jini ki kai shi bayan azahar ko dare, a samu tazarar awa 4 aƙalla. Haka maganin olsa na ruwa mai kama da madara, da ƙwayar kalsiyam, duk awa 4. Kofi da awara da madarar waken suya kar su zo kusa da lokacin shan ƙwayar, ban ce ki daina cin awara ba, da yamma ki ci abinki. Kuma ki daina ajiye katin ƙwayar a kicin ko a taga inda rana ke duka, zafi yana rage ƙarfinsa, musamman a Maris da Afrilu.

Bayan sati 6 zuwa 8 a kan wannan tsarin ki je a yi miki TSH. Yawancin ɗakunan gwaji daga 0.4 zuwa 4 suke ɗauka daidai. Ki je da safe, ki bari a ɗebi jinin tukun ki sha ta ranar, ba sai kin jira wata rana ta musamman a cikin watan ba. In kina shan ƙwayoyin gyaran gashi da fata masu bayotin ki ajiye su kwana 2 zuwa 3 kafin gwajin, suna rikita sakamako. Ki ce a haɗa da awon jini da na feritin, shi ne yake nuna ajiyar ƙarfen jiki, mace tana iya samun awon jininta ba laifi amma ajiyar ta ƙare tas.

Jinin kwana 8, 9 da gudaji da jiri kuwa kar ki ɗora wa tayirod shi kaɗai. Na lura mu mata in jini ya zarce wajen malam muke fara zuwa mu tambayi hukuncin sallah, haila ce ko istihala, wannan daidai ne, amma in an fito daga nan a biya asibiti. Duk jinin da ya wuce kwana 7, ko kina canza audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, yana buƙatar likitan mata da hoton mahaifa, don ƙarin mahaifa da ake cewa fayiburoid yana da yawa a matanmu kuma haka yake yi. Akwai magungunan rage zubar da ake sha a kwanakin al'ada kawai, amma likita ya rubuta. In jirin ya kai kina haki ko kina neman faɗuwa ranar za ki tafi, ba jira.

Ki samu ɗan littafi kina rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke da ranakun da kasalar ta fi yawa, wata 2 ko 3. In bayan wanka kina dawowa garau to na al'ada ne, in kuma duk wata a gajiye kike, ga jin sanyi ga zubewar gashi, to maganin ne za a duba.

Abu biyu da ke sa a canza adadi da gaske: ƙwayar tsarin iyali mai istirojin, ita tana iya sa ki buƙaci ƙari, a sake TSH bayan kin fara ta. Sai ciki. Ranar da kika ga ɓatan wata gwaji ya tabbatar kar ki jira ranar awo kuma kar ki ajiye ƙwayar don tsoron jariri, a watannin farko da sinadarinki yake gina ƙwaƙwalwarsa, yawanci ma ƙari ake yi na kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, ki nemi likitanki a satin.

Tunda kuma bayan haihuwa naki ya fara, ki tambaye shi ko irin kumburin tayirod ɗin nan ne na bayan haihuwa, wasu matan nasu yana warwarewa har a rage maganin a hankali ana bi da gwaji, wasu kuma shi ke nan sun riƙa sha ke nan. In za ki je ki tafi da katin maganin ƙarin jinin ya gani.