Kada ka bari kwalayen nan su bar hannunka

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Malam, tun da na karanta tambayarka raina yake a ɓace, don abin da ake shirin yi maka an riga an yi mini shi. Ka ce kun buɗe adakar marigayi kun tarar da ƙananan motocin wasa, Land Rover biyu na Matchbox, duka lamba 12, kalar soja, amma kwalinsu ya bambanta: ɗaya an rubuta Moko Lesney da zanen motar, ɗayan kuma babu Moko, hotonsa mai kala ne. Wani ya ce maka ɗayan jabu ne, ka haɗa masa duka ya rage maka asara. Kana tambaya ko ka sallama.

Kada ka sallama. Ko aro kada ka ba shi.

Bambancin nan da ka gani shi ne ma alamar gaskiya. Lokacin da Lesney, kamfanin da ya ƙera motocin Matchbox, suka fara wannan jerin a Landan a 1953, wani kamfani ne mai suna Moko yake rarraba musu kaya, shi ya sa sunansa yake kan kwalayen farko. Wajen 1959 suka saye Moko, daga nan sunan ya fara ɓacewa, aka koma rubuta Lesney kaɗai, sannan a farkon shekarun 1960 aka shigo da hoto mai kala. Land Rover ɗinka kuwa ta fito a 1959, an ci gaba da zuba ta har wajen 1965, ka ga ke nan ta ratsa canjin kwali fiye da ɗaya. Mota ɗaya ce, riga aka yi ta canja mata. Ko dai mutumin naka bai san wannan ba, ko kuma ya sani sarai. Ni na fi zaton ya sani.

Nawa motocin daga kawuna na same su, akawun awon gyaɗa ne a Malam Madori zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar buhuna zuwa Kano. In ya shiga birni sai ya sayo ɗaya ya ajiye, bai taɓa barin yaro ya yi wasa da su ba, har mukan ce rowa ce. Kowane kwali kuma ya rubuta shekarar da ya saya da fensir a cikin marfi. Bayan rasuwarsa wani dillali ya ji labari ya zo har ƙauyenmu, da farar shadda, da carbi a hannu. Ya yi la'asar tare da mu, ya ci tuwon gidanmu, ya yi wa kawu addu'a mai tsawo har da share ƙwalla. Ya ce akwai wani Alhaji a Kano da ke son gani da idonsa, a ba shi amana ya kai ya dawo da su. Wani dattijo da nake jin kunyarsa ne ya kawo shi, to ina zan ce a'a?

Ya dawo da su bayan wasu makonni, wai ciniki bai faɗa ba. Motoci ga su nan cif, kowace a kwalinta, har da godiya na yi masa na ba shi kuɗin mota. Sai da damina ta sauka, rufin ɗaki ya ɗiga a kan kwali ɗaya, na ga launi ya narke ya bi yatsana. Na buɗe marfi, babu rubutun kawu. Na buɗe na biyu, babu. Wallahi zaman dirshan na yi a ƙasa, na bubbuɗe su duka, cikin kowanne fari tas kamar yau aka yanko takardar. Ya kwashe na asalin ya sa mini bugun kwamfuta. Har na Moko guda uku da kawu ya fi ji da su.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na same shi, ko gezau bai yi ba. Cewa ya yi, "Haba Malam, motarka ta ɓata ne? Ai kwali kwali ne." Na kai magana gaban mai unguwa, mutane suka yi ta dariya, wai babban mutum da gemu yana shari'a a kan kwalin ashana. Dattijon da ya kawo shi ya ce in bar wa Allah. Na bari, amma har gobe in na hango shi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis sai in canja layi. Kuɗin ma bai dame ni kamar rubutun hannun kawun nan ba, don ba ni da wani abu da ya rubuta sai shi. Allah Ya isa.

To kai yanzu, ɗauki hoton kowane kwali ta kowane gefe, har cikin marfi, kafin wani ya sake taɓa su. Ka duba ciki: tsohon kwali cikinsa ba ya yin fari fat, yakan yi toka-toka ko ruwan madara, kuma gefunan sun ɗan goge saboda shekaru. Ka shinshina ma, tsohuwar takarda tana da warinta. In kana da tocilan ɗin nan mai shuɗin haske da masu POS ke duba kuɗi da ita, haska a cikin duhu. Sabuwar farar takarda takan yi ƙyalli, tsohuwa kuwa yawanci shiru. Kwali na bugun zamani ba laifi ba ne in an faɗa maka gaskiya, akwai masu saye don ado, amma kuɗinsa ba ya kusantar na asali. A motocin da ba su da wuyar samu, kwalin asali mai lafiya yakan kai kuɗin motar, wani lokaci ma ya fi ta. Duk wanda ya ce maka kwali ba komai ba ne, kwalin yake so.

Kuma kada lamba ta ruɗe ka. Lesney sun tsaya a kan 1 zuwa 75, in sun janye mota sai su ba wata lambarta. Ita kanta 12 ɗin nan, akwai ƙaramar Land Rover mai direba kafin taka, akwai Land Rover Safari bayanta. Saboda haka ka gwada hoton kwali da motar, kada ka tsaya ga lamba. Taya ma tana magana: ta ƙarfe ce farko, sai roba mai ruwan toka, sai baƙa, sai siririyar nan mai gudu ta Superfast da suka fito da ita a 1969 bayan Hot Wheels, motocin wasa na wani kamfani, ta shigo kasuwa a 1968 ta tayar musu da hankali. In ka ga mai tayar Superfast a kwalin Moko, wani ne ya haɗa auren. Amma ɗan saɓani na shekara ɗaya ko biyu kada ya tsorata ka, kamfani ba ya zubar da tsohon kwali, sai ya ƙare ake ɗauko sabo.

Af, in akwai 'yar takardar farashi a jiki, don Allah kada ka ɓamɓare. In sule da kwabo aka rubuta, kafin 1973 aka sayar da ita, don a shekarar aka koma naira. Masu saye na waje ma suna son ganin irin wannan.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa: kayan nan gado ne. In kana da 'yan uwa, maza da mata, kira su ka nuna musu ka gaya musu suna da daraja, kada gobe a ji ka sayar a ce ka ci haƙƙin marayu a kan motar wasa. Na ga gidan da zumunci ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba.

Ajiya kuwa, ka san ƙasar nan tamu. Gara ba ta da mutunci, kwana kaɗan za ta mayar da kwali gari, don haka kada ka ajiye a ƙasa ko jikin bangon laka. Kada ka sa su kusa da rufin kwano, zafin bazara yana busar da takarda har ta riƙa karyewa, masu Hot Wheels da ake sayarwa a kan kati ma sun san yadda robar da ta rufe motar ke yin rawaya ta tsage. Samu robar abinci mai murfi, ka cire motar daga kwalin ka naɗe ta daban a takarda mai laushi, don yawan buɗewa da rufewa ne ke cire kunnen marfi. In ya riga ya yage, bar shi a yage. Selotef da gam sun kashe kwalaye fiye da gara, in ka manna shi yau, shekara kaɗan zai bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita.

Mutumin nan in ya dawo, a zaure za ku gana, kaya na hannunka. In ya ce zai kai wa wani ya gani, ce masa wanin ya zo da ƙafarsa. Ka turo hotunan marfin da na ƙasan motocin, musamman na mai Moko ɗin, ina so in ga yadda aka rubuta sunan da irin tayar da ke jikinta.