Fatawa: Binta suna ne, ko ɓata sunan Nana Faɗima ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Anguwan Rogo ne a nan Jos. Allah ya azurta mu da 'ya mace, ranar suna aka raɗa mata Faɗimatu, sunan mahaifiyata. Maiɗakina ba ta iya kama sunan saboda kunyar suruka, sai gida ya ɗauki Binta. Ƙanenta, wanda ɗalibin ilimi ne, ya ce Binta ba suna ba ne, ma'anarsa "'yar wane" kawai, kuma yanke sunan 'yar Manzon Allah rashin ladabi ne. Da na ce to a kira ta Zahra'u, ya ce wannan na 'yan Shi'a ne. Wani maƙwabci kuma ya ce ai har babban cocin Katolika na garin nan Fatima ake ce masa. Malam, mene ne asalin sunan, akwai laifi a kiranta Binta, kuma wanne zan rubuta a takardar haihuwa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya ta bisa Sunna, ya sa ta gaji mai sunan, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Babu laifi a kira ta Binta, ko Fati, ko Zahra'u. Ba haramun ba ne, ba makaruhi ba ne, kuma ba a buƙatar sake yanka ko sake raɗa suna. Surukinka ya yi kishin addini, Allah ya saka masa, amma hukuncin da ya yanke ba shi da dalili. Ga bayani.

Faɗima sunan Larabci ne daga tushen da ke nufin yaye, wato raba yaro da nono. Larabawa suna sa wa 'ya mace shi ne da fatan ta girma ta haihu ta yaye nata, irin fatan da ke cikin A'isha, wato mai rayuwa. Kuma ba a kan 'yar Manzon Allah (SAW) aka fara shi ba. Kakarsa ta wajen uba, mahaifiyar Abdullahi da Abu Ɗalib, Faɗima 'yar Amru ce. Mahaifiyar Nana Khadija Faɗima 'yar Za'ida ce. Mahaifiyar Sayyidina Aliyu Faɗima 'yar Asad ce. 'Yar'uwar Sayyidina Umar, wadda ya shiga gidanta a fusace ya fito zuciyarsa ta karkata ga Musulunci, ita ma Faɗima ce. Duk wanda ya yi karatun babin haila ya san Faɗima 'yar Abu Hubaish, mai tambaya kan jinin cuta, kuma a babin idda ga Faɗima 'yar Ƙais. Sunan ya yi yawa a gidan har Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba Aliyu wani tufafin alharini ya ce ya yayyanka shi mayafai ya raba wa "Fawaɗim", wato su Faɗima. Ka ga ke nan matsalar gida ɗaya Faɗima uku ba a Jos aka fara ta ba.

Abin da ya ɗaukaka sunan a kan sauran shi ne ƙaramar 'yar Annabi (SAW), matar Aliyu, uwar Hasan da Husaini da Zainab da Ummu Kulsum. A cikin Bukhari da Muslim ya ce Faɗima tsoka ce daga jikinsa, kuma ya yi mata bushara da shugabancin matan Aljanna. Ta rasu a shekara ta 11 bayan Hijira, wata 6 bayan wafatinsa. Akwai wata magana da ke yawo a wa'azin gidan suna, wai an sa mata sunan ne don Allah ya yaye ta da masoyanta daga wuta. Malaman hadisi ba su inganta ta ba, don haka kada a jingina ta ga Annabi (SAW). Falalarta da ta tabbata ta ishe ta.

Sai Binta. Gaskiya ne a Larabci "bint" na nufin 'ya. Amma Bahaushe bai ɗauki kalmar tsurarta ya mayar suna ba. Ya ɗauko ta ne daga "Faɗimatu bintu Rasulillahi", ya taƙaita, shi ya sa duk inda ka ji Binta a ƙasar Hausa, ka bincika za ka tarar mafi yawa sunan yankanta Faɗimatu ne. Ni a ganina har wasalin ƙarshen ma daga bakin malamai aka ji shi. Hadisai biyu da suka fi shahara da sunanta duk da fataha suka zo, wato "binta" mai wasalin a. Na farko kan matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata aka nemi Usama ya yi ceto: "lau anna Faɗimata binta Muhammadin saraƙat", da Faɗima 'yar Muhammadu za ta yi sata da na yanke hannunta. Na biyu ranar da ya tara danginsa yana gargaɗi: "ya Faɗimatu binta Muhammad", tambaye ni abin da kike so daga dukiyata, ba zan wadatar miki da komai a wurin Allah ba. Wanda ya riƙe lafazin rufu'a ya ce Bintu, wanda ya riƙe na nasabu, wato mai fataha, ya ce Binta. Ko ɗalibin ya yarda da wannan ko bai yarda ba, abin lura shi ne mai cewa Binta girmamawa yake nufi. Yana cewa ne wannan takwarar 'yar gidan Annabi ce, 'yar da ba sai an faɗi ta wane ba.

Taƙaita suna kuwa Annabi (SAW) da kansa ya yi shi. Ya ce wa matarsa "ya A'ish, ga Jibrilu yana gaishe ki". Ya ce wa Anjasha "ya Anjash". Ya ce wa Abu Huraira "ya Aba Hirr". Imamu Bukhari ya buɗe babi guda a Kitabul Adab kan wanda ya kira abokinsa ya rage harafi daga sunansa. A cikin Muslim ya kira Anas da "Unais". In A'isha ta zama A'ish a bakin Manzon Allah, da wane dalili Indo da Shatu da A'i za su zama laifi a bakin Bahaushiya? Haka Dije da Hadiza da Kubura ga Khadija, Kulu da Jidda ga Hauwa'u, Mairo ga Maryam, Abu ga Zainab, Kaltume ga Ummu Kulsum. Asalin al'adu halacci ne har sai dalili ya hana, kuma sanya laƙabi al'ada ce, ba ibada ba ce da za a ce sai an kawo nassi a kan kowane ɗaya.

Sunayen da Annabi (SAW) ya canza an san su, kuma an san dalili. Ya canza sunan 'yar Umar daga Asiya mai harafin ainun da sadun, wato mai saɓo, zuwa Jamila. (Kada masu Asiya su tsorata, taku ta matar Fir'auna ce, da alif da sinun, suna ne mai kyau.) Ya canza Barra zuwa Zainab saboda yabon kai da ke cikinsa, wata Barra kuma zuwa Juwairiyya. Abin da ake gudu ke nan: mummunar ma'ana, ko tsarkake kai, ko bautar da mutum ga wanin Allah, ko sunan da ya keɓanta da Allah. Binta ba ta faɗa ko ɗaya ba. Abin da Alƙur'ani ya hana a aya ta 11 ta Suratul Hujurat shi ne jifan juna da laƙabin da mai shi yake ƙi. To a nan ne ya kamata a yi hattara. In yarinya ta girma ta ce ba ta son a kira ta da wani laƙabi, ko aka karkata sunan don tsokana da wulaƙanci, sai a bari. Wanda kuma ya yi izgili yana nufin ita Nana Faɗima kanta, wannan babi ne daban mai hatsari, ba shi ake tambaya a kai ba.

Faɗima, Fatsima, Fatsuma, Fatima, duk harafi ɗaya ne harshe ke juyawa. Harafin Larabcin da ke tsakiyar sunan Bahaushe ya saba mayar da shi ɗ, kamar a ɗalibi da Ɗahiru da Musɗafa, wani wuri kuma ya fito da ts, boko kuma ya rubuta t. Ba karatun Alƙur'ani ba ne balle a ce an yi lahani. Kowace al'umma ta yi haka da sunan gwargwadon bakinta. Barebari suna cewa Falmata, Fulani Fadimatu, Yarabawa Fatimo. A Mali da Senegal da Gambiya da Gini za ka ji Fatumata da Fatu da Fanta da Bintu, kuma a wajen Fulanin Gini sau da yawa a haɗe ake faɗa, Fatumata Binta, wanda ke ƙara nuna inda Binta ta fito. Somaliyawa suna cewa Faduma, Turkawa da Misirawa Fatma, Iraniyawa Fateme. Fatou Bensouda ta Gambiya, wadda ta shugabanci masu gabatar da ƙara a kotun manyan laifuka ta duniya daga 2012 zuwa 2021, da Mai shari'a Binta Nyako ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja, in aka bi asali takwarorin juna ne. A tarihi ma ga Faɗima al-Fihriyya da ta gina masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas na Maroko a shekarar 859, ga kuma Faɗima cikin 'ya'yan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, 'yar'uwar Nana Asma'u.

Maganar cewa Zahra'u na 'yan Shi'a ne ba ta da tushe, kuma ina jin takaicinta. Az-Zahra'u da Al-Batul laƙubban Nana Faɗima ne da malaman Sunna suka ambata a littattafan tarihin sahabbai. Zahra'u na nufin mai haske, kuma Anas ya siffanta Annabi (SAW) da "azharul launi", mai hasken launi, a cikin Bukhari. Son iyalan gidan Annabi aƙidar Ahlus Sunna ce. Don wani ya wuce iyaka a kanta, ba za mu sakar masa sunanta ba, kamar yadda ba mu daina sa Isa da Maryam ba don Nasara sun wuce iyaka a kansu.

Shi ma maƙwabcinka ya faɗi gaskiya ta wani ɓangare. Babban cocin Katolika na Jos yana ɗauke da sunan Fatima, amma ba 'yar Annabi suke nufi ba. Fatima sunan wani gari ne a ƙasar Fotugal, sunan da ya saura tun zamanin da Musulmi suka mulki yankin Andalus. A shekarar 1917 wasu yara uku a garin suka ce sun ga Nana Maryam, sai Katolika suka riƙa sa wa coci da makarantu da asibitoci sunan wurin. Ke nan daga wajenmu sunan ya je can. Ko da ba haka ba ma, tarayya a suna ba ta haramta shi. A Filato Kiristoci nawa ne ke amsa Musa da Yakubu da Saratu, da Ladi da Talatu da Laraba? Ba wanda ya ce Musulmi ya bar su.

Kunyar da maiɗakinka ke yi al'ada ce mai kyau, Shari'a ba ta wajabta ta ba, ba ta kuma hana ba. In ta kama sunan ba ta yi zunubi ba, in ta sakaya ta yi ladabi. Da Hajiya da kanta Binta ake ce mata, da sai a koma Ummi ko Mama ko Nana, kamar yadda gidaje suka saba. Haƙƙin zaɓen suna na uba ne in an sami saɓani, kamar yadda Ibnul Ƙayyim ya bayyana a Tuhfatul Maudud, amma kiran gida abu ne mai faɗi, uwa da kaka suna da bakinsu a ciki. Ƙanen uwa kuwa nasa shawara ne, kuma a karɓa masa da fuska sake, tunda alheri ya nufa.

Bari in faɗi abin da ya fi damuna fiye da Binta. Yanzu iyaye na gudun Binta da Dije da Kulu wai sun tsufa, sunan ƙauye ne, sai a buɗe Alƙur'ani ko a kunna tashar Larabawa a tsinci kalma mai daɗin amo a liƙa wa yarinya, ba a tambayi ma'ana ba. Ba duk kalmar da ke cikin Alƙur'ani ce ta dace da suna ba, a ciki akwai sunan wuta da na azaba. Hausawa na cewa suna linzami ne. Ba ina cewa sabon suna haramun ne ba, in ma'anarsa ta yi kyau ya halatta, ko ba Larabci ba ne. Amma a raina sunan da ke tuna wa yarinya 'yar Annabi don ya yi kama da na kakanni, wannan ba wayewa ba ce. Sai dai kuma kada a ɗauka sunan kaɗai zai yi mata tarbiyya. Hadisin da na kawo a sama, ita mai sunan ce aka gaya wa ba za a wadatar mata da komai ba.

Game da takarda, shawarata ka rubuta sunan yanka, Fatima, a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, sannan sunanka, bisa umarnin aya ta 5 a Suratul Ahzab cewa a kira su da iyayensu. In kana son Binta ko Zahra'u ya shiga, ka sa shi a tsakiya tun yau. Rubutun da ka zaɓa shi za ka riƙe harafi da harafi a rajistar firamare da ta Islamiyya da lambar NIN. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da wannan lamba, kuma yara da yawa suna shan wahalar rantsuwar kotu da gyaran takardu don wuri ɗaya an rubuta Fatima, wani wuri Binta, wani kuma Fatsuma. In ta girma ta ga dama ta rubuta sunanta da "Ph" a Facebook kamar yadda 'yan matan yanzu ke yi, wannan tsakaninta da ƙawayenta ne, amma kada ya kai ga fasfo.

Wallahu a'alam.