Amsar Baffa kan sabon jirgi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka sayi ƙaramin jirgi mai tafiya da iska a can Ingila, za ka ja shi a tirela zuwa gangaren simintin da ke shiga ruwa, kana tambaya ko ka fasa masa kwalba yadda Turawa ke yi, ko muna da namu. Na yi dariya, daga baya kuma hankalina ya tashi, don kai ko gora ba ka taɓa riƙewa ba.

Ina yaro a Yauri, kafin a gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai, kakanka ya sa aka sassaƙa masa jirgi da icen maɗaci. Ranar saukar da shi, tun asuba mata suka dama gumba aka raba wa yara sadaka. Aka jera gumagumai a ƙasa, maza suna turawa, mu yara muna ɗauko gungumen baya mu kai gaba da gudu. Sarkin Ruwa na tsaye, bai ce uffan ba sai da hancin jirgin ya taɓa ruwa, sannan ya karanta Bismillahi majreha wa mursaha, addu'ar Annabi Nuhu. Na yi ɗokin shiga, kakanka ya riƙe min hannu. Ya ce sabon jirgi sai ya sha ruwa ya ƙoshi kafin ya ɗauki mutum. Haka aka ɗaure shi ya kwana, da safe aka duba inda yake yoyo aka toshe.

Yana kuma cewa, mai igiya ba ya hira. Wanda aka ba igiya, idonsa na kan jirgi har a gama.

Yanzu kowa sauri yake. A lafta mutane da buhuna, a ta da inji, babu mai duba komai. Ka tuna jirgin da ya nutse a Warra ta jihar Kebbi a 2021, gidaje nawa aka yi zaman makoki.

Wannan gangaren naku, na ji gansakuka na sa shi santsi, kuma ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini. Ka tambayi tsofaffin wurin lokacinsa. Ka sa dutse a bayan taya, ka duba toshiyar ramin da ke fitar da ruwa, ka ɗaga kai ka ga ko akwai wayar lantarki kafin ka miƙar da doguwar sandar da ake ɗaura wa ƙyallen iska. Rigar da ke hana nutsewa kuwa, har yaranka, kada wanda ya shiga babu ita.

Batun kwalba, bari sai mun yi waya. Waye zai riƙe maka igiya?