Na'urar gano motsi mai intakom a bakin sito: za ta mayar da kuɗinta?

Wani ɗan kasuwa daga Jega ta jihar Kebbi ya aiko da wannan tambaya: "Ina da siton shinkafa shanshera a bayan gidana, tazarar kamar mita 150 daga ɗakin da nake kwana, kuma ina da maigadi guda, dattijo ne. A kakar da ta wuce sau biyu ana ɓalle mini kwado, buhu shida suka salwanta. Wani mai sayar da kayan lantarki ya nuna mini wata na'ura marar waya wadda take kaɗa ƙararrawa a ɗaki da zarar an gifta ƙofar sito, har da abin magana a jikinta. Ya ce in na saya ba ni da sauran buƙatar maigadi. In saya? Kuma yaya ake kafa ta?"

Alhaji, Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Shawarata ita ce ka saya, amma kada ka sallami maigadinka, domin mai kayan ya faɗa maka abin da zai sa cinikinsa ya faɗa ne. Aikin wannan na'ura guda ɗaya ne, wato ta tashe ka da wuri. Ba ta riƙe ƙofa, ba ta korar kowa, kuma idan ta yi ƙara babu wanda zai amsa, to kuɗinka sun tafi a banza.

Sai ka san yadda take aiki kafin ka san inda za ka kafa ta. Kashi biyu ce: akwai ido wanda ake ɗaurawa a waje, akwai kuma akwatin ƙararrawa wanda yake zama a ɗakinka. Idon nan ba kyamara ba ce, ba ya ɗaukar hoto. Abin da yake ji shi ne ɗumin da jikin mutum ko dabba yake fitarwa, kuma yana farga ne a lokacin da wannan ɗumi ya motsa daga wani sashe na gabansa zuwa wani. Da ya ji haka sai ya aika saƙo ta iska zuwa akwatin, galibi a kan zangon rediyo na 433 MHz, ba tare da intanet ko katin waya ba. Yawancin irin waɗannan idanu suna jin motsi ne daga mita 5 zuwa 12, ba sa ji ta bayan bango, ba sa ji ma ta bayan gilashi.

Daga nan ne matsalar ƙasarmu take fitowa, kuma ita ce na fi so ka riƙe. Zafin jikin ɗan Adam yana wajen digiri 37, alhali a watannin Maris, Afrilu da Mayu zafin rana a Kebbi yakan haura digiri 40. Idon yana dogara ne da bambancin da ke tsakanin ɗumin mutum da na abin da ke bayansa, saboda haka idan bangon siminti ko ƙofar ƙarfe ta sha rana tun hantsi, takan ci gaba da fitar da zafi har dare ya yi nisa, sai mutum ya saje da ita, nisan jin na'urar ya ragu. Wanda ya gwada ta da sanyin asubar hunturu ya ga tana ji daga mita 10, kada ya ɗauka haka za ta yi masa a bazara. Maganin abin shi ne ka matso da idon kusa da ƙofa, kamar mita 3 zuwa 4, ka sa shi a inuwa ƙarƙashin bakin kwano, kada ya fuskanci gabas ko yamma inda rana za ta riƙa dukansa kai tsaye, kuma kada ya kalli wurin da ake ajiye janareto ko hura wuta.

Tsayin da ya dace shi ne kamar mita 2 daga ƙasa, a ɗan sunkuyar da shi kaɗan. Ka ɗaura shi a gefe ta yadda mai zuwa ƙofar zai gifta ta gabansa, domin ya fi jin mai giftawa a kan wanda ya miƙo masa kai tsaye. Idan akwai hanyar da jama'a suke bi a kusa, ko awakin unguwa suna kwana a gindin bangon, ka rufe gefen idon da ke kallon can da ɗan salatif baƙi. Wannan ƙaramin aiki yana da muhimmanci ƙwarai, saboda ƙararrawar da take tashin mutum sau biyar a dare a kan akuya ko kyanwa, kafin mako ya zagayo mai ita zai zare ta daga soket da hannunsa, kuma a irin daren nan ne ɓarawo yake zuwa.

Game da nisan da ke tsakanin sito da ɗakinka, kada adadin da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Mita 300 ko 500 da za ka gani an auna su ne a fili fetal, inda babu komai a tsakani. Kowane bango na bulo ko na laka yana cin wani abu daga ƙarfin saƙon, kwano da ƙofar ƙarfe kuwa sun fi kowa ci. Tun da tazararka mita 150 ce kuma akwai gine-gine, ka nemi wadda aka rubuta mata aƙalla ninki biyu ko uku na wannan, ka ajiye akwatin kusa da tagar da ke kallon sito, sannan kada ka manna idon a jikin ƙarfe. Haɗa su ba shi da wuya: ana danna maɓallin haɗi a akwatin, a kaɗa hannu a gaban idon, akwatin ya yi ƙara alamar sun san juna. Idan ka sa ido biyu, ɗaya a ƙofa ɗaya a bangon baya, ka ba kowanne nasa sautin, domin ka san inda ake taɓawa tun kana kwance.

Intakom ɗin, wato abin maganar nan, shi ne abin da ya sa na ce wannan sayayya tana da ma'ana. Yana aiki kamar oba-oba, ka danna ka yi magana, ka saki ka saurara. Ka ajiye ɗaya a ɗakinka, ɗaya kuma a hannun maigadi ko a rumfarsa. Idan ƙararrawa ta kaɗa da ƙarfe biyun dare, abu na farko shi ne ka kira shi ka ce: "Baba, kai ne a ƙofar?" Idan ya amsa, ka koma barcinka. Idan shiru ya biyo baya, ko ya amsa da wata kalma da kuka shirya a tsakaninku don nuna akwai matsala, to ka kunna fitilun waje, ka kira maƙwabta da 'yan sintirin unguwa ko jami'an tsaro, lambar gaggawa ta ƙasa kuma 112 ce. Ina roƙonka kada ka fita kai kaɗai da tocila, domin a halin da yankinmu yake ciki ba ka san abin da mai zuwa yake riƙe da shi ba, kuma buhu shida ba su kai ranka ba. Ka kuma sani cewa yawancin waɗannan na'urori ba su da sirri, duk mai irinta a kan tasha ɗaya zai iya jin ku, saboda haka kada a yi maganar kuɗi ko ranar zuwan mota a cikinta.

Wuta ita ce abu na gaba. Akwatin da ya dogara da soket kaɗai yana mutuwa da zarar an ɗauke wuta, don haka ka zaɓi mai batir a ciki, ko ka jona shi da sola ko inbata idan kana da ita. Ka duba cajar ka ga an rubuta 100 zuwa 240V, domin kayan da aka yi wa kasuwar Amurka kaɗai na 120V ne, kuma wutarmu za ta ƙone su. Idon waje ya kasance mai alamar IP65, wadda take nufin ƙura ba ta shiga kuma yana jure feshin ruwa. Duk da haka a riƙa goge fuskarsa da busasshen ƙyalle kowane mako a lokacin hunturu, a share saƙar gizo, a kuma sa rana guda a wata ta gwada batir.

Lissafin kuɗin kuwa kai ka fi ni sanin farashin buhu a kasuwar Jega a yau, kuma da shi za ka auna. Ka haɗa kuɗin na'urar, da ladan mai kafawa, da batir na shekara guda, da kuɗin sabon kwado mai kauri da gyaran sakata, sannan ka raba jimillar da farashin buhu ɗaya. Idan abin ya tsaya a buhu ɗaya ko biyu, kai kuma ka yi asarar shida a kaka guda, ba sai an yi dogon tunani ba. Ka rubuta ta a littafinka a matsayin kayan aiki da za su lalace cikin 'yan shekaru, ka riƙa ware mata ɗan abu a kowace kaka, albashin maigadi kuma ya zauna yadda yake. Kada ka ci bashi a kanta, kada kuma ka biya duka kafin gwaji. Ka sa mai kayan ya zo ya kafa, ka ba shi rabi, a tura yaro ya gifta ƙofar sau goma da rana tsaka, sau goma bayan isha'i, kai kana ɗaki da ƙofa a rufe kana ƙirgawa. Idan ta kasa fiye da sau ɗaya, a sauya mata wuri ko a mayar masa da kayansa, kuma wannan sharaɗi ya shiga cikin rasit tare da tsawon garanti.

Akwai wani abu a wasiƙarka da ya tsaya mini a rai. Buhun shanshera ba abin da mutum ɗaya zai saɓa ya ruga da shi ba ne, kuma fitar da shida yana buƙatar lokaci da abin ɗauka, da sanin daren da sito yake cike. Ban ce ka zargi kowa ba, zato zunubi ne, amma ka taƙaita waɗanda za su san inda idon yake da yadda ake kashe shi, ka riƙe mabuɗi a hannu ɗaya, kuma a riƙa ƙirga buhuna ana rubutawa kowace yamma kafin a rufe, domin abin da ya fita da rana ta hannun wanda aka saba gani, na'urar za ta yi masa ƙara iri ɗaya da wadda take yi maka idan ka shiga.