Wa ya fi daɗewa a lamba ɗaya a tanis?

Tambaya: Salam malam, dan Allah a raba mana gardama, ni nace Federer ne ya fi daɗewa a lamba ɗaya a tanis na maza, abokina yace Djokovic ne.
Daga mai karatu a Zariya

Amsa: Ɗan'uwa abokinka ya fi ka gaskiya kam, Djokovic ɗan Sabiya sati 428 ya yi a sama, Federer kuma 310. Amma fa ba a banza ka riƙe Federer ba, sati 237 ya jera ba wanda ya iya sauke shi tun 2004 sai da Nadal ya karɓe a 2008, ni wallahi wannan ya fi burge ni. Shi jadawalin ATP ɗin, wato jerin matsayin 'yan wasan tanis maza na duniya, a 1973 aka fara shi, Ilie Nastase ɗan Romaniya ne ya fara hawa.